Na-Baya da Kalmar Farko

Shagon Na-Baya ƙarƙashin matakalar wani bene ne da aka sa wa ƙofar langa-langa. In yana zaune lafiya lau, in kuwa ya miƙe da gaggawa sai siminti ya gaisa da ƙeyarsa. Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran takalma a wurin. A gabansa akwai akwatin ƙusoshi, gwangwanin gam, basilla uku, da wani ƙarfe mai siffar ƙafa da yake kifa takalmi a kai. A bayansa kuma tulin takalman da masu su suka kawo suka manta, ya ƙi zubar da ko ɗaya don wai wata rana za a zo nema.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana. In ka gaishe shi, ƙafarka zai fara dubawa kafin ya ɗago ya ga fuskarka, kuma kafin ka gama tambayarsa iyali ya riga ya san dunduniyarka ta hagu ta fi cin takalmi. 'Ya'yansa uku duk sun girma sun kama gabansu. Daga shi sai matarsa, wadda ke koyar da 'yan aji biyu a firamare, shi ya sa har a gida Malama yake ce mata, ita kuma take masa magana kamar wanda bai yi aikin gida ba.

Sunan Na-Baya a wurin kiɗa ya samo shi. Akwai wata ƙungiyar mawaƙa a unguwar, su shida, duk masu sana'a ne da rana: direban bas a kan ganga, mai kemis a kan piyano, wani akawu mai jita, tela da Na-Baya a amshi, sai mai aski a gaba yana waƙa. Mai askin nan dogo ne, kyakkyawa, mai son farar riga, kuma Allah ya ba shi murya har mutane suka daina kiran sunansa suka koma ce masa Maƙogwaro. Na-Baya kuwa muryarsa ba yabo ba fallasa, irin wadda in ta yi shiru ma ba kowa zai lura ba. Mutane da dama sun sha mamakin abin da ya sa kullum shi ne ke tsaye daf da bayan kafaɗar Maƙogwaro ta dama, taku ɗaya tak tsakaninsu, ko dandamali ya yi faɗin filin ƙwallo.

Dalilin ya samo asali ne tun ranar da suka fara fita gaban jama'a, shekara ashirin da bakwai da suka wuce, a harabar wata makaranta. Kiɗa ya tashi, ya zagayo inda ya kamata waƙa ta shiga, Maƙogwaro ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Kiɗa ya sake zagayowa. Na-Baya ya ga gumi na bin wuyan abokinsa, sai ya kawar da kai daga makirufon da suke rabawa da tela, ya ɗan duƙa, ya raɗa kalmar farko ta baitin. Maƙogwaro ya cafe, ya wuce da ita kamar ba a yi komai ba. Baiti na biyu ma haka, na uku ma haka. Da aka sauka mutane suka yi ta rungumar mai aski, shi kuma Na-Baya ya tafi nannaɗe waya.

Tun daga ranar haka suke aiki. Kowane baiti na kowace waƙa, bugu biyu kafin shiga, Na-Baya zai kawar da kai daga makirufo ya miƙa kalma ɗaya, kalma ɗaya kawai, sauran kuwa Maƙogwaro ya san hanya. Abin da zai ba ka haushi da mutanen nan biyu shi ne, a duk tsawon shekarun nan ba su taɓa yin maganar ba, ko da wasa. Sun raka juna asibiti, sun riƙe wa juna jarirai, sun yi faɗa a kan ƙwallo har da gaba ta kwana biyu, amma wannan magana ko sau ɗaya. Na-Baya ya san abokinsa mutum ne mai gudun abin kunya. Akwai ranar da akawu mai jita ya ce masa cikin raha ya shiga waƙa a makare, Maƙogwaro ya yi sati uku bai zo gwaji ba. To wanda ya yi wannan fushin a kan makara, ina ga an ce shekara da shekaru a baki ake ba shi waƙarsa? Na-Baya ya riƙe sirrin nan kamar yadda yake riƙe ƙusa a leɓe, ba ya magana sai ya tabbata ba za ta faɗi ba.

Sauran 'yan ƙungiyar ba su sani ba, don ƙarar ganga na rufe raɗar, tela kuma idonsa a rufe yake amshi. Malama kaɗai ta gano, ita ma don ta sha jin mijinta yana bita ne. Waƙoƙinsu arba'in da ɗaya, kowace da baitocinta, kuma Na-Baya yakan jero kawunan baitocin yana ɗinki, kalma bayan kalma ba haɗi: "Jakata. Direba. Taga. Inna." Wata rana wata tsohuwa da ta kawo gyaran silifas ta tsaya tana saurare, da ya kai ƙarshe ta shafa fuska ta ce amin.

"Baban yara, wai kai har yaushe za ka yi ta yi wa mutum satar amsa?" in ji Malama wani yammaci tana duba littattafan ɗalibanta. "Da a ajina ne da ku biyun duka kun sha kamun kunne."

"Ba satar amsa ba ce. Huda nake yi, shi ya wuce da zare."

"To shi mai zaren ya taɓa cewa an gode?"

"Wa ya tambaye shi?"

Ta kalle shi ta saman tabarau, ta girgiza kai, ta ci gaba da jan jar biro. Gaskiyar magana Na-Baya yana son aikin nan fiye da yadda zai iya faɗa. Yana son lokacin da kalma ke barin bakinsa a bushe, ta fita daga bakin abokinsa da daɗi har mata su dafe ƙirji. Bai taɓa jin an ci da guminsa ba.

Duk shekara in an yi hutun makaranta, kwamitin unguwa kan shirya taron mawaƙa a filin ƙwallon da ke bayan firamare, daga bayan azahar zuwa faɗuwar rana. Kowa da kiɗansa: ma'aikatan asibiti masu waƙar taro, samari masu waƙar zamani da wando a gwiwa, wani dattijo mai sarewa da ba ya sauka sai an kashe masa lasifika. Bana kwamiti ya yi abin kirki, ya ɗauko kayan sauti na gaske tare da wata mata da ta san aikinta, tana zaune tsakiyar fili ƙarƙashin lema, gabanta allo cike da maɓallai. Ita ta zo bayan dandamali da kanta ta maƙala wa kowane mawaƙi ɗan makirufo irin na kunne, mai siririn ƙarfe da ke lanƙwasowa ya tsaya daidai gefen baki.

"Baba, wannan naka ne kai kaɗai," ta ce wa Na-Baya tana gyara masa. "Ba sai kun yi ta ture-ture da abokin amshinka ba. Ɗan yi magana in ji."

Ya rera amshi ɗaya, ta ɗaga masa babban yatsa ta koma wurinta. Na-Baya ya ji daɗi ƙwarai. Har ya leƙa gilashin wata mota ya ga yadda abin ya zauna masa, ya ce a ransa ashe tsufa bai hana mutum kama da matuƙin jirgi ba. Ko kaɗan bai kawo komai a ransa ba, kuma Maƙogwaro da ke gefe yana gyara wuyan farar rigarsa shi ma bai kawo ba.

Wajen la'asar sakaliya aka kira su. Filin ya cika, masu kujera sun zauna, yara sun hau katanga, masu sayar da ruwan sanyi na ratsa mutane. Suka buɗe da waƙar tasha, wadda unguwar ta fi so, labarin yaron da zai yi tafiya uwarsa ta riƙe jakarsa ta ƙi saki. Jita ta shiga, ganga ta bi, piyano ya zagayo. Saura bugu biyu, Na-Baya ya yi abin da jikinsa ya saba: ya kawar da kai gefe, ya ɗan duƙa, ya raɗa. Sai dai makirufon da ya saba kauce wa a tsaye yake a kan sanda, wannan kuwa a kunnensa yake, duk inda ya juya tare suke juyawa.

"Jakata," in ji manyan lasifikoki takwas, da wata irin raɗa mai kauri da ta kai har bakin titi.

"Jakata na hannun Inna, ta ƙi saki," Maƙogwaro ya ɗauka, don bakinsa ya riga tunaninsa.

Aka ɗan yi jim, sai dariya ta fara daga gaba ta bazu zuwa baya. Wani daga kan katanga ya ce ashe ana ba shi a baki ne. Tela ya buɗe ido a karo na farko cikin shekaru ya kalli Na-Baya. Shi kuwa ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya kai hannu zai cire abin, waya ta bi ta cikin rigarsa zuwa wani ɗan akwati a ƙugu, bai san inda ake kashewa ba. Ya yi amshi da kyar, yana ta faɗa wa kansa ya kama bakinsa, kada ya ƙara. In ya yi shiru daga nan, ƙila a ɗauka kuskure ne na sau ɗaya, a yi dariya a manta.

Kiɗa ya zagayo kan baiti na biyu. Na-Baya ya datse haƙora. Maƙogwaro ya ja numfashi, kafaɗunsa suka ɗaga, wurin shiga ya zo ya wuce, bai ce komai ba. Direban bas gwani ne, ya sake juyo da kiɗan kamar da ma haka aka tsara. Wurin shiga ya sake zuwa ya sake wucewa. Dariya ta mutu, filin ya yi tsit irin na mutanen da suka fara jin kunya a madadin wani.

Na-Baya ya san bayan wuyan nan fiye da yadda ya san fuskar mai shi. Ya san shi tun yana sumul har ya yi layi uku, ya san tabon da ke ƙasan kunnen dama. Yanzu gumi ne ke gangarowa ta cikin layukan yana jiƙa farar riga, hannun dama kuma ya dunƙule. Mutumin ko waiwayowa bai yi ba, yana tsaye ne kawai yana jira. Tausayi ya kama Na-Baya har ya ji idonsa ya yi zafi. In ya yi magana ya gama tona asirin abokinsa a gaban duk unguwa, in ya yi shiru kuma ya bar shi tsaye shi kaɗai a gabansu. Da kiɗa ya zagayo na uku bai kawar da kai ba, bai kuma yi raɗa ba.

"Direba," ya faɗa sarai.

"Direba, ɗan ƙara mana minti ɗaya," Maƙogwaro ya ɗauka, kuma bai taɓa rera baitin nan da kyau irin na ranar ba.

Haka suka yi waƙa huɗu, Na-Baya na miƙawa a fili, Maƙogwaro na ɗauka. Tun a waƙa ta biyu jama'a suka mai da abin wasa, suna rige-rigen faɗar kalmar tare da shi, in sun dace su yi tafi. Da aka gama an yi musu tafin da ba a yi wa kowa ba. Amma Maƙogwaro na sauka ya cire makirufonsa ya ajiye a kan kujera, ya bi ta bayan ajujuwa ya tafi, bai kalli kowa ba.

Kwana biyar Na-Baya bai bi ta layin shagon aski ba, alhali nan ce hanyarsa ta zuwa gida. Masu kawo gyara suka samu abin yi, kowa ya zo sai ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe baki ya ce a miƙo masa kalmar farko ya manta abin da ya kawo shi. Na-Baya ba ya dariya. Abinci ma sai Malama ta tsaya a kansa. Ba kunyar kansa ke damunsa ba, gani yake ya rushe wa mutum mutuncin da ya yi shekaru yana ginawa, kuma ya rasa aboki a kan ɗan ƙarfen da bai kai cokali ba.

"Gashin kanka ya yi yawa," in ji Malama a rana ta shida da safe.

"Bai yi ba."

"Na ce ya yi. Baban yara, ni ba zan zauna da mutum yana ta ajiyar zuciya kamar tayar da ta yi faci ba. In zaginka Maƙogwaro zai yi, je ka ya zage ka ka dawo mu huta."

Ya tafi da hantsi, lokacin da ya san babu layi. Shagon ɗaki ɗaya ne mai kujera biyu, dogon madubi da ya fara baƙi a gefe, da fanka mai ƙara. Maƙogwaro na zaune yana goge bakin injin aski da ɗan buroshi. Suka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a layin banki. Na-Baya ya hau kujera, aka yafa masa ƙyalle, aka ɗaure a wuya, inji ya fara kuka. A nan shi ne a gaba, mai askin a bayansa, sai ta madubi suke iya ganin juna, kuma kowa ya ƙi kallon madubin.

"Maƙogwaro, ka yi haƙuri," ya ce da aka gama gefe ɗaya. "Wallahi na manta abin a kunnena yake."

Mai askin ya kashe inji, ya ɗauko reza zai gyara gefen kunne, sai ya fara karanto waƙar tasha, ba da rerawa ba, da magana kawai. Ya yi baiti na farko, ya shiga na biyu ba tare da ya tsaya ba, na uku, na huɗu, har ƙarshe. Ya kama wata waƙar da suka yi shekara goma ba su taɓa ba, ita ma ya kai ta ƙarshe ko tuntuɓe babu. Na-Baya ya ɗago ya kalli madubi, baki sake.

"Kai, da ma ka iya?"

"Ni na rubuta su, ta yaya zan manta?"

"To shekara ashirin da bakwai me kake jira? Ka san yawan kalmomin da na haddace? Ka san har amin an taɓa shafa mini?"

"Kai nake jira." Maƙogwaro ya tsaya da reza a hannu. "Ni ba mantuwa ke damuna ba, Na-Baya, tsoro ne. In na ga idanun nan duk a kaina, maƙogwaron da kuke yabo rufewa yake yi ruf. Sai na ji ka a bayana yake buɗewa. Ko me ka ce ma zai buɗe, ko sunan ƙusa ka kira."

Fanka na ta ƙara a samansu.

"Dariyarsu ba ta dame ni ba, su yi ta yi," mai askin ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa. "Shirun da ka yi ne. Na ce shi ke nan, mutumin nan ya gaji, shekara da shekaru yana ɗauke da ni ko sannu ban taɓa ce masa ba. Kwana biyar ina son in zo wurinka, kunya ta hana ni."

"Ai da ka waiwayo ka gan ni."

"Na kasa. Tsoro nake in waiwayo in ga ba ka nan."

Na-Baya ya so ya ce ina zai je, shi da ko hanyar sauka daga dandamali sai tela ya nuna masa, amma kuka ya riga shi. Hawaye ya zubo masa, hannuwansa kuma na ƙarƙashin ƙyalle, ba halin sharewa. Maƙogwaro ya dafa kansa ya karkatar da shi gefe, ya kawo reza kusa da kunne, ya tsaya, ya sake kawowa.

"Ka daina motsi mana, zan yanke ka," ya ce.

Na-Baya ko gezau bai yi ba, hannun mai askin ne ke rawa. Ya zauna shiru ya jira shi har ya natsu.